Tsohon da ya karanta mini kuɗin kakana

Wata tsabar azurfa ce da kakan babana ya zo da ita daga Makka, zamanin tafiyar ƙasa. Na kai ta wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi kusa da babbar kasuwar Yamai. Rumfar ƙarama ce, na kuma daɗe ina jira.

Da ya ɗora gilashi a kanta ya ce, "Ƴata, wannan ta Daular Usmaniyya ce ta Turkiyya." Zanen nan mai kama da ƙulli, tugra sunansa, hatimin sarki ne. A baya an rubuta "duriba fi Kustantiniyya", wato an buga ta a Istanbul, da kuma lamba 1293. Na ɗauka shekarar bugu ke nan. A'a, in ji shi, shekarar Hijira ce da Sultan Abdulhamid na biyu ya hau mulki, 1876. Ƙarƙashin hatimin akwai 12, shekarar sarautarsa. Ka haɗa, ka cire ɗaya: 1304, tsakanin 1886 da 1887.

Abin da ya fi burge ni, bai nemi saye ba. Ya ce hujin da aka yi mata ya rage darajarta, kada kuma in goge ta da toka ko lemun tsami. Jika ɗaya ya karɓa ladan dubawa. Zan koma da ta innata.