Wata takwas da na'urar nuna hanya a gilashin motata

Ƙanena da ke zaune a Jamus ne ya zo mini da ita lokacin babbar sallah. Ya miƙo kwalin ya ce, "Yaya, kai da kullum kake bisa hanya, wannan ta fi maka amfani a kan turare." Na'urar nuna hanya ce ta mota, wadda kowa ke kira GPS. Fuskarta inci biyar, tana da roba mai mannewa a gilashin gaba, da igiyar caji da ake sokawa a ramin kunna sigari. A Aboabo cikin Kumasi, ƙasar Gana, nake zaune, sana'ata kayan gyaran mota da na injin niƙa. Ina ɗauka a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, in kai Techiman, Kintampo, wani lokaci har Tamale, sau biyu a wata kuma in gangara Akra da Tema in yi sari. Wata takwas ke nan tana manne a gilashina, kuma abokan sana'a sun yi ta tambayata ko ta cancanci kuɗinta, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na gani.

Ranar farko na ɗora ta a ƙofar gida na kunna, ta yi shiru wajen minti uku tana laluben taurarin ɗan'adam. Da ta kama, sai ga ɗan hoton mota a tsakiyar farin fili, babu titi babu suna. Taswirar Turai ce a cikinta. Wannan shi ne abu na farko da nake so duk mai niyyar saye ya sani: yawancin waɗanda ake kawowa daga waje, da waɗanda ake sayarwa na hannu, taswirar ƙasar da suka fito suke ɗauke da ita. Sai da na kai ta wajen wani yaro mai gyaran waya a Adum, ya sauke taswirar Gana a kwamfuta ya zuba a ƙaramin katin ajiya, sannan Kumasi ta fito da titunanta. Kada ka biya kuɗi sai mai kaya ya fita da kai waje, ya kunna, ka ga Kejetia ta Kumasi ko Circle ta Akra da idonka.

Abin da ya fi ɗaure wa yaron motata kai shi ne yadda take aiki ba layi ba data. Ya yi ta juya ta yana neman inda ake sa sim. Ita saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Akwai taurarin ɗan'adam na Amurka wajen talatin da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana yana watso saƙon lokaci da matsayinsa. In na'urar ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin isowar kowane saƙo ta gane inda take. Sojojin Amurka ne suka fara harba su a 1978, kuma har zuwa watan Mayu na 2000 da gangan ake rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, sai a zamanin Bill Clinton aka daina. Tun daga lokacin na'ura irin tawa take iya faɗin inda mutum yake da kuskuren 'yan mitoci kawai, kuma ba wanda zai turo maka takardar biya.

A hanyar arewa na san darajarta. Wata Laraba cikin hunturu na kai kayan injin niƙa wani ƙauye da ke can ciki bayan Kintampo, kafin a kai Buipe. Mai injin ya tare mu a bakin kwalta da babur, muka bi shi cikin burji, mu karya nan mu karya can, tsakanin gonakin doya da kashu. Aikin ɗaurawa ya ja mu har bayan isha'i. Da za mu tafi ya ce zai raka mu, na ce masa, "Baba, ka huta, ka wuni a tsaye." Mun yi kamar minti goma sai muka iso inda hanya ta rabu uku, ƙura ta cika fitila, ko'ina iri ɗaya. Na duba waya, babu sabis ko ɗigo. Yaron ya ce shi dai yana jin dama muka fito, ni zuciyata na ce mini hagu. Hanyar ba ta cikin taswirar na'urar sam, amma ashe tun da rana tana zana siririn layi shuɗi a duk inda tayar motar ta taka. Na ƙara girman hoton da yatsa, sai ga sawunmu kwance kamar zare. Ta tsakiya muka shigo. Muka bi layin nan kwana bayan kwana har tayoyi suka hau kwaltar N10. Ban manta ajiyar zuciyar da yaron ya yi ba, ni ma hamdala na yi ta yi har Kintampo.

Tun daga daren nan na ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda na sauke kaya, kafin in tayar da mota sai na danna na ajiye wurin da sunan da zan gane: mai niƙan bayan masallaci, garejin Alhaji na Techiman, mai waken da ke buɗewa da asuba a Nkawkaw. Yanzu wurare sun haura sittin a ciki. A ganina nan ne ainihin amfaninta yake a ƙasarmu, domin mu ba da sunan titi da lambar gida muke kwatance ba. Cewa muke yi ka wuce gidan mai, ka bar bishiyar mangwaro a hagunka, ka tambayi mai koko. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗan yayata ne ya ja motar zuwa Techiman, bai taɓa zuwa wajen mutanen ba, ya sauke kaya wuri huɗu bai kira ni ko sau ɗaya ba.

Wani abin da na ji daɗinsa shi ne ta 'yantar mini da waya. Da can wayar ce taswira, ita ce ta amsa kiran masu kaya, ita ce ta karɓar kuɗi. Kana tsakiyar shataletalen Suame, motoci na kutsowa ta ko'ina, sai kira ya shigo ya rufe taswirar. Ga zafi, ga cin data. Dokar hanya ta 2012 ma ta hana riƙe waya ana tuƙi, kuma dokar gaskiya ce, na ga abin da kallon waya na daƙiƙa biyu ya jawo wa mutane a hanyar Konongo. Yanzu wayar na aljihu, na'urar na daidai inda idona ke iya ɗan gilmawa ya koma kan titi. Tana kuma nuna gudun mota, kuma na lura kullum lissafinta yana ƙasa kaɗan da na allurar motar. Na saita ta ta yi ƙara in na wuce 90 a babbar hanya, cikin gari kuwa ni nake tuna wa kaina 50, don ba kowane gari ta san iyakarsa ba.

To, a cikin unguwa labarin ya sha bamban, kuma a nan raina ya ɓaci da ita ba sau ɗaya ba. Wata Asabar zan kai kaya wani gida a Asawase, na ce bari in gwada ta a inda na sani. Ta ce in karya dama. Lungun da ta nuna a taswira titi ne sosai, a ƙasa kuwa lambatu ya cinye rabinsa, mai tuwon zafi ta kafa tukwanenta a ɗaya rabin, ko pragya, babur mai ƙafa uku, sai ta yi dabara take wucewa. Na ƙi, ta sake lissafi ta ba ni wata hanya, na shiga, sai ga rumfunan makoki an kafa daga bango zuwa bango, kujeru jere, mutane cikin baƙi da ja. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san Asabar ranar jana'iza ce wajen Asantawa, kuma titi kan rufu saboda haka, kamar yadda namu kan rufu ranar Lahadi da biki ko suna, ko ranar Juma'a a bakin masallaci. Sai da na yi baya-baya wajen mita ɗari, yara na buga mini bodi suna cewa "taho, taho". Wani dattijo da ke zaune a benci ya ce, "Ɗana, ina za ka?" Na faɗa masa. Da hannu ɗaya ya kwatanta mini, minti uku na isa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a Zango, ko na Kumasi ko Nima da Mamobi, har gobe sauke gilashi in yi sallama ya fi mini sauri.

Ba ta san cunkoso ba. Wannan babban rashi ne. Taswirar waya tana ganin inda motoci suka tsaya saboda tana kan intanet, tawa kuwa hanyar Tafo da ƙarfe bakwai na safe da ta ƙarfe biyun dare duk ɗaya ne a wajenta. Kumasi zuwa Akra kusan kilomita 250 ne, sai ta yi mini alkawarin isa cikin ƙasa da awa huɗu. Ba ta lissafa manyan motocin da ke jan jiki a hawa, ba ta lissafa tudun rage gudu na kowane gari, balle aikin hanya tsakanin Nsawam da Ofankor. Na daina faɗa wa masu jirana lokacin da ta nuna, sai na ƙara awa ɗaya da rabi a kai.

Taswirar ma tana tsufa. Wadda aka fara zuba mini tsohuwa ce, ba ta san gadar sama ta Pokuase ba, wadda aka buɗe tun 2021 mai hawa huɗu. Ina kan gadar, ita tana nuna ina tafiya a fili tana ta cewa in juya. A wuri irin wannan, inda kuskuren hannu ɗaya zai kai ka Kwabenya alhali Awoshie ka nufa, muryar da ke ba da umarnin da bai dace ba haɗari ce. Na kashe sautin na bi allunan hanya. Da na dawo na koma Adum aka sabunta, yanzu ta san gadar. Duk wata uku nake kai ta.

Sai maganar adireshin zamani. Tun Oktoban 2017 da aka ƙaddamar da GhanaPostGPS, an yanka ƙasar gaba ɗaya murabba'i-murabba'i na mita biyar, kowanne da lambarsa, na cikin Kumasi da yawa suna farawa da AK, na tsakiyar Akra da GA. Masu kaya kan turo mini irin wannan lamba, amma na'urar ba ta gane ta. Dole in buɗe manhajar a waya, in kwafi lambobin latitud da longitud, in shigar da hannu. A nan a kula sosai. Layin Greenwich ta Tema ya ratsa, don haka Kumasi da Akra da Tamale duk yamma da shi suke, sai an sa W ko alamar ragewa a gaban lamba ta biyu. Ranar da yarona ya sa E, wurin da ke nan Oforikrom sai ya koma can wajen iyakar Togo da Benin. Allah ya sa na duba nisan kafin mu tashi.

Jikinta ba na ƙasar zafi ba ne. Robar mannewar tana saki in rana ta buga gilashi, sau biyu tana faɗowa kan giya ina cikin tafiya, sai da na koyi goge gilashin da ɗan jiƙa robar kafin in manna. Batirin, in an zare igiya, ba ya kai awa guda. Na daina barin ta a mota in na faka, saboda zafi da kuma idon mutane, har zoben da robar ke bari a gilashi nake gogewa in zan bar motar a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra. Muryar Turanci take yi, kuma sunayen garuruwanmu ba sa fita a bakinta yadda za a gane, don haka na fi dogara da kibiyar da ke fuskar. Da da Hausa ko Tuwi a ciki, da direbobi da yawa da na sani sun amfana. Wani ɗan amfani da ban zata ba: tana nuna inda mota ta fuskanta muddin ana tafiya, saboda haka in azahar ta riske ni a dajin da ban sani ba, nakan duba kafin in tsaya, in san gabas, in ɗan karkata arewa kaɗan in shimfiɗa darduma.

Mai trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke Kejetia zuwa Tafo kullum, ko mai tasi na cikin gari, ba ya bukatarta, hanyar na kansa kuma wayarsa ta ishe shi ganin cunkoso. Wanda nake ba shawarar ya nema shi ne mai doguwar tafiya irina, mai shiga ƙauyukan da sabis ke ɗaukewa, mai ɗauko doya ko gawayi ko dabbobi, da wanda ke da yara direbobi da yake aikawa wuraren da ba su sani ba. Ya nemi mai karɓar katin ajiya, mai zana sawun tafiya, in so samu ne mai jin taurarin Rasha ko na Turai tare da na Amurka, don ta fi saurin kamawa a tsakanin dogayen gine-gine da ƙarƙashin itatuwa. Ya kuma sa wani ya kwafe masa wuraren da ya ajiye a kwamfuta. Nawa na sa an kwafe su makon jiya, domin jibi in Allah ya kai mu zan wuce Tamale zuwa Walewale karo na farko, akwai sababbin masu injin niƙa uku da ke jiran kaya.