Kafin ka sayi kayan kula da na'urar ji

Abin da ya fi kashe na'urar taimaka wa ji abu biyu ne, danshi da dattin kunne. A wajenmu kuma sai a ƙara da ƙurar hunturu da zufar bazara. Saboda haka ranar da za ka biya kuɗin na'urar, ka tanadi na kayan kula da ita.

Fara da abin busarwa, don nan ne zaɓin yake da wuya. Mai araha ita ce kwalba mai murfi da ƙwayoyin silika a ciki. Da dare ka cire batir, ka bar ƙofarsa a buɗe, ka sa na'urar ka rufe, ƙwayoyin su tsotse danshin kafin asuba. Ba ruwanta da wutar NEPA, kuma tana shiga aljihun jaka. Sai dai silika tana ƙoshi. Masu kyau sukan canza launi, daga ruwan lemo zuwa kore ko daga shuɗi zuwa ruwan hoda, alamar lokacin sauyi ya yi. Wadda ba ta canza launi, ni dai ba zan saye ta ba, don za ka yi ta zuba na'ura cikin kwalbar da ta daina aiki ba ka sani ba.

Ɗayan kuma ɗan akwati ne mai aiki da lantarki, yana busarwa da ɗumi kaɗan, wani har da fanka da hasken UV mai rage ƙwayoyin cuta. Ya fi kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman ga mai yawan gumi ko wanda ke zaune inda damina ke daɗewa. Matsalarsa wuta. In za ka saya, nemi mai igiyar USB wanda abin ajiye cajin waya zai iya tayarwa. In na'urarka mai caji ce, ka tabbatar an rubuta cewa akwatin ya dace da irinta, domin zafi yana rage wa batirin lithiyam kwana. Mai hali ya haɗa biyun. Wanda zai ɗauki ɗaya tak, alhali wuta ba ta zama a unguwarsu, kwalba ce tasa.

Sai kayan shara: ɗan burushi, ƙugiyar ciro datti, da busasshen ƙyalle mai laushi. Ba su da tsada, sau da yawa ma suna zuwa cikin kwalin. In za ka share, juya bakin na'urar ƙasa don dattin ya zubo waje. Tsinken sakace da allura kuwa su ne ke huda abin da ke fitar da sauti. Sifirit ma yana cin roba.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne matatar datti, wata 'yar farar aba da ke bakin na'urar. Kowane kamfani da tasa: ProWax ta Oticon ba ta zama a gurbin CeruStop da Phonak ke amfani da ita. Tambayi mai sayarwa ko yana ajiye su, ko sai an yi odar su daga waje. Idan sai an jira wata biyu, to irin da ke rataye a bayan kunne mai tiyo ya fi maka kwanciyar hankali. A irin wannan, ana zare robar da ke shiga kunne a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu, a bari ta bushe sarai, tiyon kuma a canza shi in ya taurare, galibi bayan wata 3 zuwa 6.

Girman batir ana gane shi da launi: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki, don haka kada ka ɓare takardar bayansa sai za ka sa, kuma in ka ɓare ka ba shi kamar minti ɗaya kafin ka sa.

Za ka ga IP68 a jikin wasu kwalaye. Lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 kuma jure wa ruwa. Duk da haka ka riƙa cire ta lokacin alwala, ka goge kunne ya bushe kafin ka mayar, sau biyar a rana ba wasa ba ne. Idan ka share, ka busar, ka canza matatar datti amma sautin bai dawo ba, kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a duba na'urar a duba kunnen.