Faɗuwa da Gangan: Ƙwallon Amurka da Ƙwallon da Muka Sani, Gefe da Gefe

Ɗan'uwa, ka ce ka ji ana faɗin wai a Amurka akwai ƙungiyoyin ƙwallo da ke barin a ci su da gangan don su sami damar ɗaukar matasan 'yan wasa mafiya ƙwarewa, kana son sanin ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne me ya hana ƙungiyoyin Firimiya yin haka. Abin yana faruwa, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Da wuya ka ga ɗan wasa ya saki ƙwallo da gangan a fili. A ofis ake ƙulla faɗuwar, tun kafin a fara kaka.

Da farko mu rabe abu biyu. Ƙwallon da ake magana a kai ba tamaular da muka taso muna bugawa a lungu ba ce. Wannan ita ce wadda ake rungumewa a hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano, babbar gasarta kuma ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32, kowace tana buga wasa 17 kacal a kaka. Firimiya kuwa ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38. Amma ba yawan wasa ne ya raba su ba. Abin da ya raba su shi ne yadda kowace gasa take yi da wanda ya zo na ƙarshe.

A wajenmu na ƙarshe kora ce hukuncinsa. Ukun da ke ƙasan teburin Firimiya sukan gangara gasar 'yan dagaji, kuɗin talabijin ya ragu sosai, manyan 'yan wasa su tattara kayansu, a sallami ma'aikata. Leeds ta faɗi a 2004, ba ta dawo ba sai 2020, shekara 16 ke nan. Sunderland ta faɗi a 2017, ta sake faɗuwa a 2018. Ba ma sai mun je Ingila ba: Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu, ta faɗi a 2022, duk wanda ke Kano a lokacin ya ga yadda abin ya taɓa mutane, har ta samu ta dawo a 2023. Ko ƙungiyar da ba ta cikin haɗari, kowane mataki na teburin Firimiya yana da kuɗinsa, na goma ya fi na sha ɗaya samu. Shi ya sa ranar ƙarshe ta kaka in ka shiga gidan kallon ƙwallo za ka tarar an raba talabijin, ɗaya tana nuna masu neman kofi, ɗaya tana nuna masu neman tsira. Sau da yawa ihu ya fi yawa a gaban ta biyun, mutum yana tsaye a kan benci da waya a hannu yana duba sakamakon wani filin, alhali ba ma ƙungiyarsa ce ke bugawa ba.

A NFL babu gangarawa. Ƙungiyoyin nan 32 su ne bana, su ne baɗi, ko da ƙungiya ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Kuɗin talabijin na ƙasa baki ɗaya, wanda yarjejeniyarsa ta 2021 ta haura dala biliyan 100, raba daidai ake yi, na ɗaya da na ƙarshe kaso guda. Sannan ga babbar magana: ƙungiyoyin ba su da makarantun renon yara irin na Barcelona ko Ajax. Jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, sai duk shekara wajen ƙarshen Afrilu a zauna a raba waɗanda suka fito, zagaye bakwai, abin da suke kira diraf. Wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa, wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. Tun 1936 suke wannan tsari. Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles, shi ya kawo shawarar, saboda ƙungiyarsa ba ta iya gogayya da masu kuɗi wajen ɗaukar 'yan wasa. Niyyar mai kyau ce, a tallafi mai rauni. Sai dai duk inda aka ce na ƙarshe ne zai fara ɗiba, to za a sami masu ja da baya a layi.

Abin da ya ƙara wa zaɓin farko daraja shi ne wani ɗan wasa guda, kwatabak, wato mai jefa ƙwallo wanda duk wani hari ta hannunsa yake bi. A tamaula babu matsayin da ya kai shi nauyi. Kuma tun 2011 an ƙayyade albashin sababbin shiga, saboda haka wadda ta dace da kwatabak nagari za ta riƙe shi shekara huɗu ko biyar a kan kuɗi kaɗan, ta yi amfani da ragowar wajen sayo wasu, tunda akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Masu wannan lissafi sukan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

To wa ke ja da bayan? A nan nake son ka tsaya sosai, don mutane da yawa suna haɗa shi da sayar da wasa. Ɗan wasan NFL ba shi da wata riba a faɗuwa. Yawancinsu ba sa wuce shekara uku zuwa huɗu a gasar, kwantiraginsu galibi ba shi da cikakken tabbaci, kowane motsi nasu ana ɗaukarsa a bidiyo, sauran ƙungiyoyi 31 suna kallo. Yaron da za a ɗauko baɗi ma wataƙila gurbinsa zai zo ya karɓa. Ga shi wasa ne na karo, wanda ya yi sako-sako da jikinsa shi ake ɗauka a makara. Koci ma haka, in ya sha kashi shi ake kora, wani ya zo ya ci moriyar yaran da aka zaɓo. Mai ƙungiya da manajan da ke saye da sayarwa su ne ke da haƙurin jiran shekara uku. Hanyarsu kuma ba ɓoyayya ba ce: a yi musanyar gwanaye da damar zaɓe ta gaba, a ƙi sayen kowa, wanda ya ɗan ji ciwo a ce ya huta har ƙarshen kaka, a zuba yara a ce ana gwada su. Kowa a fili yana iyakar ƙoƙarinsa, amma an riga an haɗa tawagar da ba za ta iya ba.

Miami Dolphins ta 2019 ita ce misalin da ya fi fitowa fili. Dab da fara kaka suka ba Houston ɗan wasansu Laremy Tunsil, bayan an fara suka ba Pittsburgh Minkah Fitzpatrick, duk don tara damar zaɓe. Wasan farko Baltimore ta lallasa su 59 da 10. Suka sha kashi bakwai a jere. Sai kocinsu Brian Flores da yaransa suka ƙi miƙa wuya, suka ci biyar cikin wasa taran da suka rage, ƙungiyar ta koma ta biyar a layin zaɓe. A Fabrairun 2022, bayan an sallame shi, Flores ya shigar da ƙara, a ciki ya yi zargin cewa mai ƙungiyar, Stephen Ross, ya yi masa tayin dala 100,000 a kan kowane wasa da aka ci su. Ross ya musanta. Binciken NFL ya ce ƙungiyar ba ta faɗi da gangan ba, kuma maganar kuɗin ba tayi ba ne na gaske, amma ya tabbatar Ross ya sha faɗin cewa matsayinsu a layin zaɓe ya fi cin wasa muhimmanci a waccan shekarar. Hukuncin da aka yi musu, ƙwace zaɓinsu na zagayen farko na 2023 da tarar dala miliyan 1.5, na wani laifi ne daban, zawarcin shahararren kwatabak Tom Brady da koci Sean Payton ta bayan fage. Ni a ganina wannan binciken ya nuna komai: sama tana son faɗuwa, ƙasa ta ƙi.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Houston Texans da Indianapolis Colts a Janairun 2023, ranar ƙarshe ta kaka. In Houston ta sha kashi, zaɓin farko nata ne. Saura ƙasa da minti ɗaya, ana cin su 31 da 24, damarsu ta ƙarshe ce, kuma suna buƙatar yadi 20. Kwatabak ɗin Houston, Davis Mills, ya ɗaga ƙwallo ya wurga can cikin gida, ta ratsa ta hannun mai tsaron baya, Jordan Akins ya cafe, suka sami maki shida. Da sun so, sai su yi bugun maki ɗaya a yi kunnen doki. Koci Lovie Smith ya ce a nemi maki biyu, aka nema, aka samu, 32 da 31. 'Yan wasa suna rungumar juna, zaɓin farko ya koma Chicago, a daren nan aka sallami Smith. Houston ta zaɓa a mataki na biyu, ta ɗauki kwatabak C.J. Stroud, ya kai su wasannin neman kofi a shekararsa ta farko. Carolina da ta sayi zaɓin farko a hannun Chicago da tsada, wasa biyu kawai ta ci a kakar.

Ba kullum ne fili yake fita da tsabta ba. A Janairun 2021 kocin Eagles, Doug Pederson, ya cire kwatabak ɗinsa Jalen Hurts a zangon ƙarshe na wasa da Washington ana tazarar maki uku, ya sa ɗan benci Nate Sudfeld. Aka ci su 20 da 14, suka matsa daga na tara zuwa na shida a layi, New York Giants kuma ta rasa gurbin wasannin neman kofi da za ta samu da Eagles ta ci. Pederson ya ce dama ya yi niyyar ba yaron dama. Mutane ƙalilan ne suka gamsu.

A tamaula ma an taɓa yarda da faɗuwa, amma irin ta yini ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 1982 Jamus ta Yamma ta ci Austria ɗaya da nema, sakamakon da ya wadatar da su biyun, suka ƙarasa wasan suna gara ƙwallo a tsakaninsu, aka fitar da Aljeriya. Daga nan aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Amma ƙungiya ta zubar da kaka sukutum don gina gobe, wannan ba shi da mazauni inda ake kora.

In kana son ganin inda abin ya fi ƙamari, duba ƙwallon kwando. Mutum biyar ne a fili, gwani ɗaya yana iya juya ƙungiya. An zargi Houston Rockets da sakin jiki a kakar da ta kai su ga ɗaukar Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a zaɓin farko na 1984, shekara ɗaya bayan nan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta shigo da ƙuri'a wajen fitar da mai zaɓin farko don a rage faɗuwa da gangan. Philadelphia 76ers ta yi shekaru tana faɗuwa a bayyane, har da kakar da ta ci wasa 10 ta sha kashi 72, a cikin wannan zamani ne ta ɗauki Joel Embiid ɗan Kamaru. A 2018 an ci tarar mai Dallas Mavericks, Mark Cuban, dala 600,000 don ya faɗa da bakinsa cewa faɗuwa ta fi musu. NFL ba ta da ƙuri'a har yau, kuma dalili ɗaya shi ne dabarar ba ta cika biya ba a wasan da ke da mutum 53 a tawaga. Cincinnati ta dace: ta zo ta ƙarshe a 2019, ta ɗauki Joe Burrow, cikin shekara biyu ta kai Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL. Cleveland kuwa wasa ɗaya ta ci cikin 32 a 2016 da 2017, ta yi zaɓin farko sau biyu a jere, har yau ba ta taɓa zuwa Super Bowl ba. Tom Brady mai kofi bakwai shi ne na 199 a zaɓen 2000. Kansas City ba ta faɗi ba kafin ta sami Patrick Mahomes a 2017, musanya ta yi ta haura zuwa mataki na goma.

Kada in zalunci tsarin Amurkawa, yana da abin da namu ya rasa. Bayern Munich ta ɗauki kofin Jamus sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023. A Ingila abin da Leicester ta yi a 2016 har yau ana ba da labarinsa ne saboda ba a saba gani ba, kuma a 2023 ita ma ta gangara. A wajenmu ƙaramar ƙungiya tana renon yaro ne don babba ta zo ta saye. A NFL garin Green Bay, da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, yana kafaɗa da kafaɗa da New York, kuma mai goyon bayan ƙungiyar da ta fi kowa rauni yana da dalilin sa rai.

Duk da haka ni na fi natsuwa da tsarin da faɗuwa take da zafi. Mutumin da ya cire kuɗinsa ya sayi tikiti, ya ɗauko ɗansa cikin sanyin Disamba, an sayar masa da wasa ne a kan cewa ɓangarorin biyu suna son ci. In masu ƙungiya sun riga sun yanke cewa bana ba tasu ba ce, to haƙƙinsa aka taɓa, haka ma na 'yan wasan da ke ba da jikinsu ana karyawa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsarin yake juya zuciyar mai goyon baya. A Disambar 2020 New York Jets ta sha kashi 13 a jere, kowa ya san Trevor Lawrence ne zai zama zaɓin farko. Sai suka je Los Angeles suka ci Rams 23 da 20, nasararsu ta farko a kakar. 'Yan wasa suka yi ta murna a fili, magoya bayansu da yawa kuwa suka kwana cikin baƙin ciki saboda ƙungiyarsu ta ci wasa. Lawrence ya tafi Jacksonville.