Sharhi kan ajin zanen dijital da ake farawa da biro

Malamin ajin ba ya barin ɗalibi ya buɗe manhaja sai ya fara zana dagi ko furen lalle da baƙin biro a farar takarda A4. Sannan a ɗauki hoton da rana a bakin taga, waya a saitin takardar ba karkacewa. In da dare aka ɗauka, inuwar hannu kan sauka, farin ya koma toka-toka, gyaransa kuwa aiki ne.

Daga nan sai manhajar zane ta ibisPaint X a waya, ko Krita ga mai kwamfuta. Leyar zanen (leya kamar falle ne da ake ɗorawa a kan wani a manhajar) tana sama, a sa ta a saitin gauraya launi na Multiply, farin ya ɓace, baƙin layi ya tsaya, launi kuma a shafa shi a leyar ƙasa.

Inda ya burge ni shi ne shimfiɗar bayan zanen. Maimakon burushin da ya zo da manhaja, yana sa a ɗauko hoton yadin rini irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ko bangon ƙasa mai tsattsagewa, a shimfiɗa a kan launin, a rage kaurinsa, wato ƙarfin bayyanarsa, zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Zanen sai ya fito da jiki, kamar a taɓa. In ya haura rabi, saƙar yadin takan cinye siraran layukan lallen.

Ba ya wasa da girman shafi: fiksel (ɗigon hoto) 2480 da 3508, wato A4 a kan 300 dpi, ɗigo 300 a kowane inci. Wanda ya fara da ƙaramin shafi, a waya zai ga kyau, a wurin bugawa ya ga dishi-dishi. Sai dai wayar da RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, bai wuce 2GB ba tana sandarewa in leyoyi suka yi yawa, dole a riƙa haɗe waɗanda aka gama. Shuɗin da ke ƙyalli a allo ma dushewa yake yi a firinta, don allo da haske yake haɗa launi (RGB), firinta kuwa da tawada (CMYK), shi ya sa yake sa a buga ɗan yanki tukuna. Aika aiki ta WhatsApp kuma sai a matsayin fayil, in ba haka ba WhatsApp ya matse hoton.

Ƙorafina ɗaya: mayar da zane ya zama bekta (zanen da ba ya dishi-dishi komai girmansa) da manhajar Inkscape a zama ɗaya ya bi ta kansa, kuma kwamfuta yake so, masu waya zalla sai kallo.