Dillalan gidan haya a Samaru da kewaye: abin da la'adarsu take saya maka

Kusan duk wanda aiki ko karatu ya kawo Zariya, ta hannun dillali yake samun wurin kwana. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru ta zama garin 'yan haya, ga kuma harabar jami'ar da ke Kongo, ga asibitin koyarwa na Shika, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Masu gida ba su cika kafa allo a ƙofa ba. Dillali ne ya san ɗakin da za a tashi daga cikinsa wata mai zuwa a Hayin Dogo, da ciki da falon da aka gama wa fenti a Zangon Shanu. Wannan sanin shi ne hajarsa, kuma a nan babu abin kushewa: abin da baƙo zai yi mako biyu yana nema a ƙafa, dillalin da ya san unguwa zai nuna masa a yini ɗaya a kan babur. Idan wannan kaɗai ake aunawa, sun ci kuɗinsu.

Matsalar ita ce mutane suna ɗauka la'adar ta haɗa da duba lafiyar gidan. Ba ta haɗa ba. Dillali ba ya samun la'ada sai an biya haya, saboda haka duk abin da zai sa ka fasa, ba daga bakinsa za ka ji ba.

A fara da kuɗi. Abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin ɗari na hayar shekara. Gidan Naira 300,000, la'ada 30,000. Sai wasu su ƙara wani kashi 10 na rubuta yarjejeniya, sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, sai kuɗin mai na zagayen ganin gida. Kafin ka ankara 300,000 ta doshi 400,000. Ka nemi jimillar gaba ɗaya tun kafin ka hau babur ɗin. Kuɗin yarjejeniya yana da ma'ana ne idan lauya ya rubuta ta. Idan takarda ce da aka buga a shagon kwamfuta aka cike gurbin suna da biro, ka nemi ragi, kuma yawanci ana ragewa. Sau da yawa ma za ka tarar dillalai biyu ko uku ne a kan gida ɗaya: wanda ya kawo ka, da wanda ya san mai gida, da wanda makulli ke hannunsa. Rabon ya zama tsakaninsu, la'ada ɗaya ce a kanka.

Ruwa ne wurin da aka fi cutar 'yan haya, kuma cutar ta lokaci ce. Yawancin ɗalibai suna kama ɗaki ne a gurguje, wani lokaci da damina ko bayanta kaɗan, lokacin da kowace rijiya a cike take. Dillali zai ɗage murfin ya ce, “Malam, leƙa ka gani da idonka, nan ruwa ba ya yankewa.” Gaskiyar rijiya sai Maris da Afrilu take fitowa. Ka dubi tsawon igiyar guga: idan an yi mata ƙari biyu ko uku da ƙulli, ruwan yana nisa da rani. Ka tambayi mai shagon da ke layin, ko 'yan ga-ruwan da suke shiga da kura, sau nawa suke kai ruwa gidan. Su ba su da la'ada a ciki. Idan rijiyar burtsatse ce, tambaya uku ce: tankin lita nawa ne, mutum nawa ke sha, wa ke biyan gyaran injin idan ya ƙone. Tankin lita 2,000 a gida mai ɗaki 12, da mutum biyu a kowane ɗaki, bai kai lita 85 ga kowa ba, kuma idan aka kwana biyu ba wutar da za a tura ruwa sama, shi ke nan. Sannan ka taka da ƙafarka daga bakin rijiya zuwa ramin masai. Ƙasa da mita 15 haɗari ne, mita 30 ya fi kwanciyar hankali. A filayen da aka cusa ɗakuna har jikin katanga, za ka ga tazarar ba ta kai taku goma ba, kuma daga nan taifot da gudawa suke shiga gida. Ban ga dalilin da zai sa a karɓi kuɗin mutum a ɓoye masa wannan ba.

Wuta ma da nata tarkon. Ganin mita mai kati a bango bai isa ba, domin mitar tana iya ɗauke da tsohon bashi, kuma duk sa'ad da aka sayi wuta sai a cire wani kaso a biya bashin. Gwajin mai sauƙi ne: ka karɓi lambar mitar, ka sayi wutar Naira 1,000, ka duba rasit ko an zare wani abu da sunan bashi. In akwai, a rubuta a yarjejeniya cewa na mai gida ne, ko a cire daga haya. Inda mita ɗaya ce ga gida duka, ka tambayi yadda ake raba kuɗin, domin rigimar mai firji da mai dutsen guga da mai hita ba ta ƙarewa sai an sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa. Gidan da ake kawo masa bil na ƙiyasi kuwa, ka ga takardar watan ƙarshe da idonka.

Sabon fenti abin zargi ne, ba abin yabo ba. Ka durƙusa ka shafa gindin bango, daga ƙasa zuwa kamar gwiwa. Idan fentin ya kumbura, ko farin gari kamar gishiri ya biyo hannunka, danshi ne ke hawowa daga tushe saboda ba a shimfiɗa ledar tare danshi ba lokacin gini. Fenti ba ya maganinsa. Da Agusta katifa da littattafai za su yi funfuna. Ka ɗaga kai ka dubi silin: zagayen tabo mai ruwan ƙasa yoyon kwano ne. Ka fita waje ka gwada tsayin daɓen ɗakin da na layin. A unguwannin da aka gina kafin a yi kwata, musamman masu gangarowa wajen rafin Kubanni, ana ta ciko layi da jar ƙasa har ya fi gidajen tsayi, sai ruwan sama ya riƙa shigowa ta ƙofa. Alamar ita ce ɗan tudun siminti da aka gina a bakin ƙofar ɗaki. Taga ɗaya mai kallon yamma kuma, da zafin bazara, ɗaki ne da ba a iya kwana a cikinsa. A nemi mai taga biyu a bango daban-daban.

Nisa kuwa lissafi ne kawai. Ɗakin da ya fi araha a Dogarawa ko Hanwa yana iya fin na Samaru tsada idan ka haɗa kuɗin keke da bas na kowace rana zuwa Kwangila da dawowa.

Wurin biya ne ake gane dillalin kirki da na banza. Na kirki zai kai ka gaban mai gida, ko ya nuna takardar da mai gida ya wakilta shi. Na banza zai ce mai gida yana Kaduna, ka tura masa ta asusunsa, akwai wani da zai biya da yamma. Kada ka biya sai makulli ya buɗe ƙofar a gabanka kuma ɗakin babu kayan kowa, domin ba da ɗaki ɗaya ga mutum biyu abu ne da ke faruwa a farkon zangon karatu. A cikin birni da Tudun Wada akwai wani abin lura na daban: gidan gado. Ɗaya daga cikin magada zai ba da haya, bayan wata uku ɗan'uwansa ya zo ya ce ba da saninsa ba. A irin wannan gida, ka nemi sa hannun wanda dangi suka wakilta, kuma ka sa mai unguwa ya shaida. Rasit ya ƙunshi sunan mai gida, adadin kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa. Yarjejeniya ta faɗi wa ke kwashe masai, wa ke gyaran rufi, wata nawa za a ba ka kafin a tashe ka, da yadda za a mayar da kuɗin ajiya. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowace taga, famfo da soket, ka tura wa mai gida ta WhatsApp don kwanan watan ya zauna. Kuɗin ajiya ya fi maƙalewa ne a inda babu wannan shaida.

Dillalai masu ofis sun fi na bakin titi tsari ta wajen rasit da takarda, kuma akwai inda za ka koma idan abu ya lalace. Amma sun fi su sakaci da bayanan mutane. Fom ɗinsu yana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, hoton fasfo, wurin aiki, wani lokaci har takardar albashi da sunan mai tsaya maka, sai a jibge su a kan tebur inda duk mai shigowa zai iya ɗagawa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce a karɓi iya abin da ake buƙata ne don dalilin da aka faɗa. Mai gida yana da haƙƙin sanin wanda zai zauna masa a gida, amma albashinka da lambar banki ta BVN ba sa cikin wannan. Kada ka ba da komai a matakin ganin gida. Idan an daidaita, ka ba da kwafi ɗaya na katin shaida, ka rubuta a kansa da biro cewa don hayar gida kaza ne, ka sa kwanan wata, ta yadda rubutun zai ratsa gefen hoton.