Maɓallin My Safety na Renault: hanya mafi sauƙi ta rufe bakin na'urar karanta alamun hanya

Duk sabuwar motar da aka sayar a Tarayyar Turai daga 7 ga Yulin 2024 tana zuwa da na'urar lura da iyakar gudu, wadda ake kira ISA. Dokar da ta wajabta ta ita ce mai lamba 2019/2144, kuma ta fara aiki a kan sababbin samfura tun Yulin 2022. Dokar ta yarda direba ya kashe na'urar, amma da sharaɗi: duk lokacin da aka sake tayar da mota, dole ta dawo a kunne. Don haka babu kamfanin da zai ba ka wurin kashe ta gaba ɗaya. Inda suka bambanta shi ne yawan dannawar da za ka yi kowace safiya, kuma a nan Renault ta yi wa sauran fintinkau.

Maɓallin My Safety na Renault yana gefen sitiyari, ta ɓangaren ƙofar direba, kuma na gaske ne wanda yatsa ke ji, ba hoto a kan allo ba. Ana samunsa a Captur da Scenic E-Tech da Renault 5 E-Tech, haka ma a Duster na 2024 na Dacia, kamfanin da ke ƙarƙashin Renault. Saitin sau ɗaya ake yin sa. Da mota a tsaye, ka shiga sashen taimakon tuƙi a babban allo, ka buɗe My Safety Perso, ka zaɓi abin da kake so ya yi shiru: ƙarar wuce iyakar gudu, jan sitiyari idan ka taka layi, gargaɗin gajiya. Motar za ta riƙe wannan zaɓin. Daga nan, duk lokacin da ka tayar da ita, danna maɓallin sau biyu a jere, shi ke nan. An bi doka, tunda motar ta tashi da komai a kunne, kai ma ba ka ɗauke ido daga hanya kana laluben allo ba.

Abin da ya sa mutane ke neman kashe ta ba son gudu ba ne kawai. Na'urar tana yawan kuskure, kuma kuskuren yana da dalili. Kyamarar da ke manne a gilashin gaba, bayan madubi, ita ke karanta allunan hanya, sannan kwamfutar motar ta gwada da taswira. Kyamara ba ta san wane allo ne naka ba. Kana kan babbar hanya sai ta hango 50 na hanyar da ta ratse gefe, ta ɗauka naka ne. Takan karanta lambar 80 ko 90 da ke liƙe a bayan tirela. Ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin allo, wanda ke cewa iyakar ta manyan motoci ce ko ta wasu sa'o'i, shi ne ya fi ba ta wahala. A Holan, yawancin manyan hanyoyi kilomita 100 ne daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma, da dare kuma wasu su koma 120 ko 130. A Faransa 130 na komawa 110 idan ana ruwa. A Jamus, allon sunan gari mai launin rawaya shi kansa yana nufin 50, babu lamba a jikinsa. Idan taswirar ta tsufa ko ana gyaran hanya, sai kyamara ta ce wannan, taswira ta ce wancan.

Ƙa'idar gwajin ma ta bar ƙofa a buɗe: ana buƙatar na'urar ta dace a kashi 90 cikin 100 na nisan da aka gwada ta. Wato motar da ke kuskure a kilomita 1 cikin kowane 10 ta ci jarrabawa. Ga kuma batun maleji, wato agogon da ke nuna gudun mota. Ƙa'ida ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya ƙara har kashi 10 cikin 100 da kilomita 4. Na'urar kuwa da maleji take aiki, shi ya sa za ta yi maka ihu a 52 alhali ainihin gudunka bai kai 50 ba.

Sauran kamfanoni ma, kowa da dabararsa. A BMW, ka danne maɓallin SET na sitiyari na ɗan lokaci. A sababbin Hyundai da Kia, ka danne maɓallin kashe sauti na sitiyari, kodayake wasu motocin sai an sabunta musu manhaja kafin ya yi aiki. Duka biyun suna da sauri, amma ƙarar gudu kaɗai suke kashewa; jan sitiyari sai ka bi ta wata hanyar. A Toyota da yawa, na'urar sunanta RSA, kuma sai ka yi ta kutsawa cikin saitin ƙaramin allon bayan sitiyari, mataki bayan mataki, abin da ke gundurar mutum tun a makon farko.

Maɓallin Renault ma yana da nasa aibin. Idan ka yi jinkiri tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, ba zai karɓa ba, don haka ka duba saƙon da ke fitowa a allon maleji ka tabbatar. Idan ka tsaya shan mai ka kashe inji, sai ka sake dannawa. Sannan maɓallin bakin na'urar kawai yake rufewa, ba ya gyara mata ido: lambar da ba daidai ba za ta ci gaba da bayyana a gabanka. Wannan na da muhimmanci ga mai amfani da na'urar riƙe gudu mai bin alamun hanya da kanta, domin idan ta karanta 50 a inda ake 110, mota na iya rage gudu ba zato, ga wani a bayanka. Wannan saiti daban ne, yana cikin sashen na'urar riƙe gudu, kuma ya fi ƙarar cancantar a kashe shi.

Dabaru biyu da ake yawan yi ba su da kyau. Na farko, liƙa salatif a kan kyamara: kyamarar nan ita ce ke aiki wa birkin gaggawa da na'urar bin layi, za ka makantar da su duka, allo kuma ya cika da fitilun gargaɗi. Na biyu, sauya manhaja ta ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda makanikai ke jona kwamfutar gwajin mota, don na'urar ta daina dawowa. Yana yiwuwa a wasu motoci, amma motar ta sauka daga yanayin da aka amince da ita, garanti da inshora na iya shiga matsala, kuma sabunta manhaja na gaba yakan goge aikin. Idan kuskuren ya yi yawa fiye da kima, fara da wanke gilashin daidai gaban kyamara, ka sabunta taswira, idan kuma an taɓa canza gilashin gaba, ka tambaya ko an sake daidaita kyamarar bayan aikin.