Sharhi: aikin kwance tsohon teburin sinuka mai dutse a Kumasi

Teburin na sinuka ne, wasan da ake buga ƙwallaye da sanda zuwa ramuka, shimfiɗarsa dutse ce da aka rufe da ƙyalle. Cikakke ne, ƙafa 12 a tsawo, 6 a faɗi, yana tsaye kan ƙafafu 8, ƙirar Ingila irin ta kamfanonin Thurston da Riley, a wani gidan wasa da ke unguwar Asawase. Mutum biyar suka zo kwance shi, maigidansu da yaransa huɗu. A ganina aikinsu ya cancanci kuɗinsa, duk da ina da ƙorafi biyu.

Sun fara da ramuka shida, suka cire fata da raga da ƙarfen tagulla na bakin kowane rami. Daga nan sai kushin, wato katakan gefe masu roba da ƙwallo ke buga ta dawo, su ma shida. A tsofaffin teburan nan notin kushin daga gefe yake shiga, ya ratsa katako ya kama wani noti da aka dasa a cikin dutsen. Damshin Kumasi ya sa tsatsa ta ci da yawansu. Sun zuba mai sun jira, ba su yi ta ƙarfi ba, kuma haka ya kamata, don idan notin ciki ya kuɓuce ya riƙa juyawa a raminsa, gefen dutsen ne zai ɓare. Kowane kushin sun rubuta masa lamba da alli.

Ƙorafina na farko shi ne safana. Tsofaffin notin Ingila awon inci ne, zarensu irin wanda ake kira Whitworth, su kuwa safanar milimita suka kawo. Kan noti biyu ya suɗe. Irinsu ba a cika samu a shago ba, sai an kai samfur Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera ta Kumasi, masu injin sassaƙa ƙarfe su yi sabo. Na biyu kuma koren ƙyallen. Ƙananan ƙusoshi ne suka riƙe shi a katakon da ke ƙarƙashin bakin dutse, ya kamata a zare su ɗaya bayan ɗaya, amma yaran sun fizge wani gefe har ya yage. Sun kuma ninke shi maimakon su naɗe a kan sanda. Ƙyallen ulu ne mai gashi da ke kwanciya daga wajen layin farawa zuwa wajen baƙar ƙwallo, ninki yana bar masa shaida.

Wajen dutsen ne suka nuna gwaninta. Fale-fale biyar ne, kaurin kowane ya kusa inci 2, nauyinsa ya haura kilo 150. Da farko maigidan ya bi mahaɗar da wuƙa ya kankare filastar da aka cike ta da ita, ya kuma duba ko akwai sukurori da aka ɓoye kawunansu. Abin da kafinta na gari ba zai sani ba shi ne, tsakanin falle da falle akwai turakun tagulla da ke shiga ramukan ɗan'uwansa. Wanda ya ɗaga sama kafin ya raba, leɓen dutsen zai fashe, kuma wurin ba ya komawa sumul yadda ƙwallo za ta bi. Su kuwa sun ja na ƙarshe a kwance, sannu a hankali, ɓangarorin biyu daidai, har turakun suka fita. Da wani yaro ya nemi sa ƙarfe ya banƙara, maigidan ya ce, “A'a ɗana, ja kawai, dutsen nan ba ya son dole.” Sannan suka miƙar da shi a tsaye kan bargo.

A tsaye ake ɗaukar dutsen, a tsaye ake ɗaure shi a mota, da bargo ko kwali a tsakani. Idan aka kwantar da shi, gargada ɗaya ta isa ta raba shi biyu. Shi ya sa suka ƙi aboboyaa, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, suka ce sai babbar mota, na kuma goyi bayansu. Lambobin 1 zuwa 5 da masu ƙira suka sa suna nan a jiki, sun bi su wajen jerawa, domin tare aka goge fale-falen, na wani tebur ba ya maye gurbinsu.

Firam ɗin bai ba da wuya ba. Sun fitar da katakan tsakiya, suka kwance dogayen notin ƙafafu, mutum biyu na tallafe da gefe. Gara ta taɓa gindin ƙafa ɗaya, sun nuna wurin tun kafin a loda.

Mai son ɗaukar ma'aikatan nan aiki ya ce su zo da safanar inci, ya tsaya a kan ƙyallen da kansa, ya kuma tanadi ɗaki busasshe inda dutsen zai jingina kan katako, ba kan siminti tsirara ba.